Maharbin da Ba Ya Jiran Mai Magani

Zuwa ga yayan Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Takwa lafiya, ka sami ɗakinka, ka kuma dace da abokan zama masu tsoron Allah. Na sa ta ƙarƙashin kwalbar shito, soyayyen yajin nan, ne domin na san nan hannunka zai fara zuwa. Kakarka Hajiya tana gaishe ka, ko da yake yanzu da nake rubutun nan kana tsakar gida kana wanke takalma, ita kuma tana kan kujerarta tana yi maka faɗan ɓarnar sabulu.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda gobe ne ma za ka bar shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni, kuma ka san bakina ba ya iya faɗa maka irinta ido da ido.

Ranar Alhamis ina ɗaki ina duba aikin ɗalibaina, kai da Habiba kuna bakin famfo. Ban yi niyyar saurare ba, tagar ce a buɗe. Na ji kana gaya mata cewa a makarantar da za ka akwai ɗalibai masu yin irin wasanmu na labari, har sun sa ka cikin zaurensu na waya, sun tambaye ka wace sana'a za ka ɗaukar wa mutuminka. Habiba ta ce, "To me ka ce musu?" Ka ce, "Maharbi mana. Maharbi ba ya jiran kowa ya duba shi." Habiba ta yi dariya ta watsa maka ruwa. Ni biro na ajiye. Za ka garin da ba ka san kowa ba, garin ruwan sama da sauro, kuma da wannan maganar a bakinka za ka tafi. Tsorona shi ne ka kwanta ciwo a can ka rufe ƙofa, kamar yadda maharbinka yake yi a wasa. Shi ya sa zan yi maka magana a kan zaɓen sana'a, ta hanyar kurakuran da ni na yi a kan tabarmar nan, domin su na fi sani.

Amma godiya tukuna. Ina gode wa Allah da Ya dawo mana da ƙanena, kawunku Bashiru, daga Akra a wancan dogon hutun. Ka tuna ranar da ya shimfiɗa kwalin da ya roƙo a wani shago a Alabar, ya zana koguna da duwatsu a bayansa, ya zazzage 'yan ludo masu fuskoki da yawa waɗanda ban taɓa ganin irinsu ba? Ya ce shi ne mai jan labari: shi zai faɗi inda muke da abin da ya tare mana hanya. Mu kuma kowa ya ƙirƙiro mutum ɗaya, ya ba shi suna da sana'a, ya riƙa magana da bakinsa. Idan mutuminka ya yi niyyar wani abu mai wuya sai ka jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita za ta nuna ya yi nasara ko ya faɗi.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Bashiru, caca ka kawo mini gida?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ko sisi babu a ciki. Tatsuniya ce, sai dai kowa da bakinsa."

Ta ce, "Tatsuniya da rana tsaka? To. In an kira salla a tashi." Ta jawo kujerarta kusa don ta sa mana ido, kuma tun daga ranar ba Asabar ɗin da ta wuce ta.

Kuskurena na farko a ranar farkon na yi shi. Bashiru ya jero mana sana'o'in: mai garkuwa, wanda yake tsayawa a gaba ya sha dukan da aka nufi 'yan'uwansa da shi, maharbi, mai magani, mawaƙi, ɓarawo, sai mai siddabaru, wanda ya ce duk ƙarfinsa a cikin littafi yake. Ina jin an ambaci littafi na ɗaga hannu. Na ce wa zai riƙe littafi a gidan nan in ba ni ba, da na tsufa a gaban allo? Ban tambayi yadda ake wasa da shi ba. Ashe mai siddabaru ba shi da ƙwarin jiki, ana ture shi yake faɗuwa, kuma duk lokacin da layi ya zo kaina sai na zaɓi abu ɗaya daga cikin shafuka masu yawa. Sai in sa tabarau in fara karatu. Habiba ta taɓa fita ta sayo ƙosai ta dawo ban gama ba. Kai kuwa kwanciya kake yi ka rufe fuska da hula. Bashiru ya ce, "Yaya, kurayen nan fa sun gaji da jiranki, ɗaya har ya fara hamma." Da na ji kunya sai na zaɓi abin da sunansa ya fi girma a shafin, wato ruwan wuta, alhali a cikin rumbun hatsi muke, rumbun da mutanen ƙauyen suka roƙe mu mu tsare musu. Kurayen sun ƙone, hatsin ya ƙone, ni ma na ƙone. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Wuta a rumbu? Kuma ke ce mai ilmin?"

To ka ji. Kada ka zaɓi sana'a don sunanta ya yi kama da yadda kake so mutane su gan ka. Tambayar da ta kamata ita ce: idan layi ya zo kaina, me zan riƙa yi, kuma zan ji daɗin yin sa Asabar bayan Asabar? Wanda yake son ya yanke shawara nan take ya kai hannu, kada ya ɗauki littafi. Wanda yake son ciniki da lallashi da wasa da mutane, mawaƙi ne nasa, ko da muryarsa ba ta da daɗi. Kuma kafin ka ce komai, ka tambayi mai jan labarinsu irin labarin da ya shirya. Idan duk a cikin birni za a yi shi, tsakanin 'yan kasuwa da fadawa, maharbinka zai zauna ne da bakansa a cinya yana kallo. Wannan tambayar ba ta rage wa baƙo daraja. Ni da na yi ta, da hatsin mutanen nan bai tafi ba.

Kuskure na biyu a kan ƙanwarka na yi shi. Tun ranar farko idonta a kan ɓarawo yake. Na ce, "Ba a gidan nan ba." Kai ma ka san unguwarmu Aboabo. Katangarmu da ta maƙwabta ba ta tare magana, kuma idan aka ji ana cewa Habiba ce ɓarauniya, kafin la'asar labarin ya kai Moshi Zango, ba wanda zai tsaya ya tambaya ko wasa ne. Sai na zaɓa mata mawaƙi da kaina, na ce ai ita ce ke jan ƙasida a makarantar Islamiyya. Ta karɓa don ba ta iya yi mini musu, amma ta rama ta hanyarta. Duk inda muka shiga sai mawaƙinta ya rera waƙar makoki, ko a gidan biki ne. Mu kuma ba ramin da ba mu faɗa ba, ba tarkon da bai kama mu ba, domin babu mai duba mana ƙasa. Akwai Asabar ɗin da muka ƙare ta kaf a gaban ƙofa ɗaya mai kwaɗo. Ka doke ta da kafaɗa, ɗan ludo ya ƙi. Na yi mata addu'a, ta ƙi. Habiba ta naɗe hannu ta ce, "Maa, in yi mata waƙa?"

Hajiya ce ta fitar da mu. Ta ce mahaifinta fataucin goro ya yi, kuma ba ayarin da ke tashi sai da mutum ɗaya mai sauƙin ƙafa wanda yake riga kowa gaba, ya leƙo hanya, ya san ƙulli, ya san makulli, ya dawo ya ce a bi nan kada a bi can. Ta ce, "Wannan ba shi ne aikin da yarinyar take so ba? Ku kira ta mai leƙen hanya ku huta." Bashiru ya ce wallahi aikin ke nan, suna ne kawai ya bambanta. Asabar ta gaba Habiba ta buɗe ƙofar nan kafin shayina ya huce, kuma tun daga lokacin ba wanda ya kai ta iya wasan a gidan nan, har kai.

Abin da na koya shi ne kada ka zaɓa wa kowa, ko da ka girme shi, ko da ka tabbata ka san abin da ya dace da shi. Ni da nake gaya wa iyayen ɗalibaina kullum su bar yara su nuna inda zuciyarsu take, ni ce na danne tawa 'yar saboda tsoron abin da za a ji ta katanga. Ka kuma duba abin da ayarinku ya rasa kafin ka zaɓi naka. Idan duk sun ɗauki takobi, wani zai buƙaci ya duba ƙasa, wani ya ɗaure rauni. Sai dai ka kula da ɗaya gefen: kai ne sabo a cikinsu, kuma sabo ake tura wa abin da kowa ya ƙi. Idan suka ce, "Cale, abokinmu, ba mu da mai magani, kai ka ɗauka," ka ɗauka in kana so. In ba ka so, ka faɗa da murmushi. Mutumin da aka ɗora wa sana'a dole, waƙar makoki yake rerawa, mun gani a gidan nan.

Na ukun shi ne ainihin dalilin wannan takarda, kuma zan bi shi a hankali.

Kai ne ɗana na fari. Da aka yaye ka ɗakin Hajiya ka koma, kamar yadda aka yi wa babanku a wurin tasa kakar. Ba na kiran sunanka, ba na zama in yi hira da kai a gaban mutane, kai kuma ka tashi kana ce mini Ticha kamar yaran ajina, yayin da Habiba take ce mini Maa. Na san gidaje da yawa a Zango sun saki wannan al'adar, amma ni a cikinta aka raine ni, a cikinta kuma na tarar da gidan nan. Ba na zargin kowa. Hajiya ta raine ka fiye da yadda zan iya, kuma ladabin da mutane suke yaba maka daga ɗakinta ka ɗauko shi. Sai dai abin yana da nauyi. A makaranta in kira yara aji guda kowa da sunansa, in share wa wannan hawaye, in gyara wa wancan kwala, in dawo gida in tsaya a ƙofar kicin in ce, "Habiba, ce wa yaron nan abinci ya sauka," alhali kana zaune inda kake jina.

Bayan mai siddabaruna ya ƙone sai na ɗauki mai magani, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da na sa wa suna Gwaggo Laraba. Kai kuma a lokacin mai garkuwa ka ɗauka, ka sa masa suna Tanko. Wata rana Bashiru ya ce akwai rami a gabanmu wanda Gwaggo kaɗai ta hango. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Tanko, dawo baya!" Ka juyo ka dube ni ka ce, "To, Gwaggo." Ba wanda ya ɗaga kai. Hajiya tana ɓare gyaɗarta. Ni kuwa na ce zan duba tukunya, na shiga kicin na tsaya, ba tukunyar da ke kan wuta. Karo na farko ke nan da na kira ka da wani suna ka amsa. Daga nan Gwaggo Laraba ta zama mai yawan magana. "Tanko, ka ci abinci?" "Tanko, ina rigar sanyinka?" Habiba ta ce tsohuwar nan ta cika surutu paa. Ba ta san dalili ba. Wannan kaɗai ya isa in yi ta yi wa Bashiru addu'a har ƙarshen rayuwata.

Sai ranar gada. Ka tuna ta, na sani. 'Yan fashin daji sun biyo mu, gadar igiya ce, mutum ɗaya take ɗauka. Tanko ya tsaya a bakinta da garkuwarsa don mu haye. Ka buga tabarma da tafin hannu ka ce, "Ku wuce, ina nan!" har kajin Hajiya suka watse. Muka haye, lambar jinin Tanko, mai nuna sauran ransa, tana ta raguwa a takardarka. Maganin da ya rage wa Gwaggo guda ɗaya ne. Mai leƙen hanyar Habiba ƙaya ce kawai ta soke ta. Kowa ya san wanda ya kamata a ba. Bashiru har ya ce, "Yaya, Tanko fa ya kusa faɗuwa."

Hajiya tana kan kujerarta. Babanku ya dawo daga kasuwar shanu ke nan, yana tsaye yana shan ruwa yana kallonmu. Na ji kamar duk idanun gidan a kaina suke. Kiran Tanko a cikin hayaniyar wasa abu ne mai sauƙi, amma in tsallake 'yata in miƙa wa ɗan fari a gaban surukata da mijina, kowa yana jira, wannan hannuna ya ƙi. Na ce, "Na ba mai leƙen hanya."

Habiba ta ce, "Maa! Ni fa ƙaya ce kawai!"

Bashiru ya dube ni, ya jefa ɗan ludo, Tanko ya faɗi a bakin gada. Ka linke takardarsa a hankali ka sa a aljihu, ka ce, "Ba komai, Ticha, wasa ne." Asabar ta gaba ka zo da sabon mutum, maharbi mai suna Inuwa, wanda yake ɗauke da ganyensa a jaka, yake tafiya nesa da ayari, yake kwana a kan bishiya idan mu mun kunna wuta a ƙasa.

A lokacin har yaba maka na yi a raina, na ce yaron nan ya iya tsara mutum. Aikina ne in karanta fuskar yara, ina gane wanda bai karya kumallo ba tun daga bakin ƙofar aji, amma taka ta wuce ni. Ban farga ba sai da kwano ya yanke ka a ƙafa a filin ƙwallo, ka ɓoye, ka riƙa sa safa cikin zafi har ƙafar ta kumbura, Hajiya ta gane daga tafiyarka. A asibiti nas ta tambaye ka me ya sa ba ka faɗa ba tun da wuri, ka ce, "Na ga kowa yana da abin yi." Ina tsaye a bayan labule na ji. A can na gane daga inda Inuwa ya fito.

Ka fahimce ni, ban ce maharbi mugun zaɓi ba ne. Sana'a ce mai kyau. Shi ke samo wa ayari ruwa, shi ke karanta sawu, shi ke ganin haɗari tun yana nesa, kuma ka iya shi. Idan don kana son daji da shiru da sawun namun dawa kake ɗaukarsa, ɗauke shi da albarkata. Abin da ba na so shi ne ka ɗauke shi don ka riga ka yanke cewa ba mai zuwa idan ka faɗi. Ga hanyar da za ka gwada kanka. Ka ɗauka a teburinsu akwai mai maganin da ka amince da shi ɗari bisa ɗari, wanda ba zai taɓa tsallake ka ba. Wace sana'a za ka zaɓa a ranar? Abin da ya fara zuwa zuciyarka, shi ne naka. Ni dai na san muryar da ka yi wasa da Tanko da ita, mai ƙarfi, mai dariya, kuma ban taɓa jin ta a bakin Inuwa ba. Mai garkuwa yana iya juya baya ga mutanensa ya fuskanci duka ne saboda ya yarda suna nan a bayansa. Ka taɓa yarda da hakan, kuma ba kai ne ka yi kuskure a ranar ba.

Yanzu bari in zo kan jiya, domin ina so ka san yadda abin ya kasance daga inda nake zaune.

Bashiru ya zo musamman don mu yi wasan sallama. Ban gaya masa abin da na ji a bakin famfo ba, ban gaya wa kowa ba. Kamar kullum Inuwa ya bar mu a zango ya shiga daji shi kaɗai, maciji ya sare shi. Ka rubuta sabuwar lambar jininka, ka ɗora hannu a kanta, ka ce, "Ku ci gaba, zan same ku." Sai dai na daɗe ina tsaron jarrabawa, na san hannun da yake rufe abu. Na ce wa Bashiru, "Gwaggo Laraba ta tashi, za ta shiga daji."

Ya ce, "Yaya, a labarin nan fa duhu ya yi, ga ruwan sama, ga gwiwar Gwaggo."

Na ce, "Na ji. Za ta je."

Ka ce, "Ticha, bar shi, ina da ganye."

Na ce, "Ɗaga hannunka in ga takardar." Kai na kalla da na faɗa, ban kalli kwalin ba, ban kuma ce Inuwa ba. Ka ɗaga hannun. Kaɗan ya rage ya mutu.

Na ɗauki ɗan ludo na yi bismilla na jefa, ina ganin yau Gwaggo za ta nuna bajinta. Biyu ya ba ni. Bashiru ya rufe baki, ya ce Gwaggo ta zame ta faɗa taɓo, rabin maganin ya zube, takalminta ɗaya ya tafi, ta iso wurin Inuwa da rarrafe, abin da ya rage a kwalbar bai wuce ya tsayar da dafin ba. Habiba ta yi dariya har ta kwanta. Hajiya ta ajiye gyaɗarta ta ce, "Shekara da shekaru ina jiran ranar da za ki taɓa yaron nan, ashe ma ba ki iya ba." Sannan ta juyo gare ka ta ce, "Kai kuma, mahaifiyarka ta shiga daji dominka ba takalmi. Buɗe baki ka faɗa mata inda ke ciwo."

Ka sunkuyar da kai. Sannan ka ce, "Ƙafar hagu ce. Ba zan iya tafiya ni kaɗai ba."

Sauran wasan duk a kafaɗar Gwaggo Inuwa ya yi shi. Muka yi ta jan ƙafa, wasu suka riga mu kaiwa ga dukiyar da muka daɗe muna nema, Habiba ta ce mun ɓata mata aikin wata da watanni, ta ce daga yau ba za ta sake bin ayarin guragu ba. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin Asabar irin ta jiya ba. Da muka tashi sallar la'asar, Hajiya ta same ni ina alwala ta ce, "Ni sunansa na ce kada ki kira. Ban taɓa cewa ki bar shi da ciwo ba." Na ce na gode, Hajiya. Ta ce in matsa mata buta.

Ina gode maka da ka ɗaga hannun nan. Da ka ƙi, ba ni da ta cewa. Ina gode maka da haƙurin da ka yi da ni tun ranar gada, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, ba ka daina zama a tabarmar ba. Allah Ya ba ni yara biyu da suka koya mini abin da takardun koyarwata ba su koya mini ba.

To ga shi za ka zauna da baƙi. Amsar da ka ba su a waya ba alkawari ba ce, kana iya canzawa kafin a fara. Ka je da wuri a ranar farko, ka gaishe su, ka saurari abin da kowa ya ɗauka. Ka tambayi wane ne mai maganinsu, ka san sunansa na gaskiya, ka zauna kusa da shi. Duk sana'ar da ka zaɓa, idan aka sare ka, ka faɗi lambar da ƙarfi kowa ya ji. Wataƙila wani ya tsallake ka wata rana, saboda tasa kunyar ko tasa wautar. Idan hakan ta faru ka ce masa, "Ka tsallake ni," ka ba shi dama ya gyara. Kada ka linke takarda ka sa a aljihu.

Abu na ƙarshe roƙo ne. Idan zazzaɓi ya kama ka a can, ko karatu ya yi maka nauyi, ko ka wayi gari kawai ka ji garin ya yi maka faɗi, lambata za ka kira. Ka kira Hajiya don gaisuwa, ka kira Habiba don tsokana, amma wannan kiran nawa ne, kada ka aiko shi ta bakin kowa. Ko ina tsakiyar darasi zan ajiye alli in fito. Ba sai ka yi doguwar gaisuwa ba, ka ce, "Ticha, ba ni da lafiya," ya isa. Ka ga yadda nawa maganin yake, wani lokaci rabi ne ke isowa. Amma zan zo.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a mota da masauki, Ya kare ka daga ciwo da mugun aboki. Allah Ya buɗe maka karatu, Ya riƙe maka sallarka, Ya haɗa ka da mutanen da za su tsaya a bayanka, kai ma Ya sa ka tsaya wa wasu. Allah Ya dawo mana da kai cikin ƙoshin lafiya, mu ji da bakinka wanda ka zaɓa. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka